Shugabancin Da Babu Albashi: Tarihin Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Barewa

A duk lokacin da aka zo maganar Kwalejin Barewa ta Zariya, abin da akan fara yi shi ne lissafa manya. Sai ka ji an ce ai ita ce makarantar da ta yaye Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammad, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Lissafin gaskiya ne, babu ƙarin gishiri a cikinsa. Mutum biyar daga makaranta guda sun riƙe ragamar mulkin Nijeriya, ban da Firimiyan Jihar Arewa, ban da sarakuna da alƙalai da hafsoshin soja. To amma a gefen wannan tarihi akwai wani wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato na ƙungiyar da tsofaffin ɗaliban makarantar suka kafa, wadda a yau aka fi sani da BOBA. An kafa ta a 1939. Ke nan ta girmi NEPU, ta girmi NPC, ta kuma girmi 'yancin kan Nijeriya da shekara 21. Muƙamanta na zaɓe kuwa, daga shugaba har ma'aji, aikin sa kai ne, mutum da aikinsa ko kasuwancinsa yake ɗaukar su ya ɗora a kan nasa ɗawainiyar.

Abin da ya ja hankalina ga wannan ƙungiya shi ne wani abin mamaki a farkon tarihinta. A lokacin da ta tara zaratan samarin da Arewa ba ta da kamarsu, waɗanda daga baya suka riƙe ƙasa, a lokacin ne ta kasa riƙe kanta. Sai da makarantar ta shiga wani hali, shekaru masu yawa bayan haka, sannan ƙungiyar ta sami aikin da ya tsayar da ita da ƙafafunta. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin taro ko jakar kuɗin wata ƙungiya, ya kamata ya san yadda aka yi haka ta faru.

Asalin makarantar a birnin Katsina yake. A 1921 aka fara karatu, a watan Maris na 1922 kuma Gwamna Sa Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ginin ƙasa ne, yana nan har yanzu a unguwar Rafukka, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Burin Turawa a lokacin ba mai nisa ba ne. Malamai suke so waɗanda za su koyar a makarantun larduna, Musulmi masu ladabi, waɗanda za su iya Ingilishi da lissafi ba tare da sun raina sarakunansu ba. Don haka akan tsinto yara ɗaiɗai daga kowane lardi, daga Sakkwato zuwa Barno, daga Ilori zuwa Adamawa, a tara su wuri guda har shekara biyar, suna ci tare, suna kwana tare, suna buga kurket da fayif tare. Abin da Turawan ba su lissafa da shi ba, shi ne cewa yaron Bida da na Yerwa da na Bauci, idan suka shekara biyar a tsakar gida ɗaya, za su fita da wani abu da babu shi a manhaja. Za su fita da sanin juna, da kuma ganin Arewa a matsayin abu guda.

Akwai wata al'ada ta makarantar da ta zama ƙashin bayan ƙungiyar daga baya. Kowane yaro, ranar da aka ɗauke shi, akan ba shi lamba, kuma lissafin bai taɓa komawa baya ba duk da sauye-sauyen gari da na suna. Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, lambarsa 145. Yakubu Gowon 783. Murtala Muhammad, da aka ɗauka a 1952, shi ne 941. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan lamba ta ƙarshe da kyau. A cikin shekara talatin, makarantar da ta fi kowace girma a Arewa ba ta ɗauki yaro dubu ba, alhali ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta nuna mutanen Arewa sun kusa miliyan 17. Ashe kuwa ba abin mamaki ba ne da kusan kowane babban muƙami ya faɗa hannun ɗayansu. Ba su da yawa, kuma babu wasu.

Mu ma marubuta muna da rabo a wannan gida. A gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya, aƙalla uku daga cikin littattafai biyar da aka buga sun fito ne daga mutanen Kwalejin Katsina: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukkansu tsofaffin ɗalibai, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda yake malami ne a can.

A 1938 aka ɗauke makarantar daga Katsina aka kai ta Kaduna, ta koma Kwalejin Kaduna. Shekara guda bayan haka, da ƙarfafawar shugaban makarantar, Mista E. L. Mort, aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Shekarar 1939 shekara ce mai nauyi. A watan Janairunta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, a watan Satumba kuma yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Masu nazarin tarihin siyasar Arewa sukan fara lissafin ƙungiyoyin 'yan boko daga wannan ƙungiya, domin ita ce ta farko da ta yi ƙoƙarin tara masu ilmin zamani na dukkan larduna a inuwa ɗaya. Sai dai ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan tarurruka kaɗan, a farkon shekarun 1940, sai aka ji ta tsit.

Dalilin da aka fi bayarwa shi ne zargi. Sarakuna da dama, da wasu daga cikin Razdan-Razdan da Di'o-Di'o, ba su saki jiki da taron samari masu jin Turanci ba, musamman ganin abin da ƙungiyoyin matasa suke yi a Ikko a daidai wannan lokaci. Su kuwa samarin, kusan dukkansu ma'aikatan En'e ne ko na gwamnati: malaman Midil, malaman asibiti, akawuna, ma'aikatan gona da na daji. Albashinsu da ƙarin girmansu da canjin wurin aikinsu duk suna hannun waɗanda suke zarginsu. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan aka ce masa ya zama sakataren ƙungiyar da fada ba ta so, dole ya yi tunani sau biyu. Wannan dalili ne mai ƙarfi, ban kuma ƙi shi ba.

Amma ni a ganina akwai wasu dalilai biyu da ba a cika ambata ba, kuma su suka fi shafar batunmu na shugabanci. Na farko shi ne nisa. A ɗauka kai ne sakatare a 1940, kana koyarwa a Midil ta Zariya ko ta Kano. 'Yan ƙungiyarka 'yan ɗaruruwa ne, amma a warwatse suke a ƙasar da ta fi Faransa faɗi. Babu wayar da za ka buga musu. Wasiƙa za ka rubuta, da hannu ko da tafireta idan ka sami aro, ka sayi kan sarki da kuɗin aljihunka, ka jira amsa mako biyu ko uku. Jirgin ƙasa ya kai Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru wajen 1930, amma bai isa Maiduguri ba sai 1964, Sakkwato da Yola kuwa bai je ba sam. Wanda zai zo taro daga can sai ya nemi izinin barin aiki, ya hau babbar mota a kan hanyar da damina ke yankewa, ya ci daga albashinsa, ya koma. Ga kuma yaƙi, wanda ya sa man fetur da taya da takarda duk suka yi wuya. Ƙungiya kuwa, komai girman sunayen da ke cikinta, a kan irin wannan ƙaramar wahala take tafiya: wa zai rubuta, wa zai aika, wa zai bi bashin kuɗin shekara, wa zai nemo masauki.

Dalili na biyu shi ne cewa tunanin kafa ta daga sama ya sauko. Mista Mort mutum ne da ɗalibansa suke ganin girmansa, har yau akwai gidan kwanan ɗalibai mai sunansa a Barewa. Amma abin da shugaban makaranta yake nema daga irin wannan ƙungiya, wato zumunci da riƙe tarbiyyar makaranta, daban yake da abin da ke cin zuciyar samarin. Su damuwarsu ita ce matsayinsu a cikin mulkin En'e, da yadda ilminsu bai ba su murya ba, da yadda Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a karatu. Ƙungiyar ba za ta iya ɗaukar wannan magana ba tare da ta ɓata wa masu mulki rai ba, kuma idan ta bar maganar, to ba ta da abin da zai sa mutum ya taso daga Yola. Makarantar ma a lokacin ba ta buƙatar taimakon kowa, gwamnati tana riƙe da ita sosai. Ƙungiya ce da ke da mutane, ba ta da aiki.

Ruwan da aka tare ta nan, sai ya ɓulle ta can. Mutanen da suka kasa yin motsi a ƙarƙashin sunan makaranta, su ne suka riƙa kafa ƙananan ƙungiyoyi a garuruwan da suke aiki. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi Kwalejin Katsina kafin ya wuce Babbar Kwalejin Yaba, ya tayar da ƙungiyar tattaunawa a Zariya lokacin da yake koyarwa a makarantar malaman tsabta. Da ya koma Bauci, sai ya haɗu da Malam Aminu Kano, wanda ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, su biyun suna koyarwa a Midil ta Bauci. A nan aka yi zauren muhawarar nan na Bauci da ya fara a 1943, wanda hukuma ta sa wa albarka da farko, ta kuma janye hannunta da tambayoyi suka fara taɓa mulkin sarakuna. A wannan shekarar dai Abubakar Imam ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya bayyana masa koke-koken 'yan bokon Arewa. A 1948 Malam Aminu ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, ya riƙe mata sakatare.

Sai kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a watan Yuni na 1949, a matsayin ƙungiyar al'adu mai yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Shugabanta, Dokta R. A. B. Dikko, ba ɗan Kwalejin Katsina ba ne, a Ikko ya yi sakandare. Amma dubi waɗanda suka ɗauki muƙaman wahala. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, shi ne ma'aji. Malam Aminu Kano yana cikin masu binciken kuɗi. Malam Sa'adu Zungur shi ne mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Ni wannan jeri yana burge ni ƙwarai, domin yana nuna cewa mutanen da muke karantawa a yau a matsayin gwarazan adabi da siyasa, sun zauna sun ƙirga sulalla, sun rubuta rasit, sun duba littafin shiga da fita, ba tare da an biya su ko anini ba. A 1950 aka kafa NEPU a Kano, a 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka shigo, ma'aikatan gwamnati irin su Dokta Dikko suka ja da baya saboda dokar aiki. Daga nan 'yan makaranta ɗaya suka rabu gida biyu.

Ita kuwa makarantar, a 1949 aka sake ɗauke ta zuwa Zariya, kusa da Kamfanin Gaskiya, inda take har yau. An kira ta Sakandaren Zariya, a 1956 ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta ɗauki sunan Barewa, daga dabbar da ke jikin tambarinta. Ƙofarta ma ta ƙara faɗi, domin makarantar da aka gina don horar da malamai Musulmi ita ce ta ɗauki Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista daga Wusasa. A shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba ta da wani dalilin yin roƙo a madadin makaranta. Wa za ta roƙa? Firimiya ɗan makarantar ne. Alhaji Aliyu Makaman Bida, wanda ya fara riƙe ma'aikatar ilmi ta Arewa kafin ya koma ta kuɗi, ɗan makarantar ne. Alhaji Isa Kaita, wanda ya daɗe yana ministan ilmi har zuwa 1966, shi ma haka. Majalisar ministocin Kaduna kanta ta yi kama da taron tsofaffin ɗalibai.

Ranar 15 ga Janairu, 1966, makarantar ta yi asarar da babu wata makaranta a ƙasar nan da ta taɓa yin irinta a dare ɗaya. An kashe Sardauna, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema, dukkansu tsofaffin ɗalibanta. Amma abin da ya sauya makomar ƙungiyar ya zo ne bayan shekara guda da 'yan watanni. A watan Mayu na 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga cikinsu a Arewa. Gwamnatin Jihar Arewa, wadda ita ce uwar makarantar, ta gushe. Makarantar da aka gina domin dukkan larduna ta wayi gari a cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976 lokacin da Murtala ya ƙara yawan jihohi zuwa 19. A 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, tsohon ginin Rafukka ya zauna a wata jiha, makarantar tana wata. Abin lura a nan, 'ya'yanta ne da hannunsu suka sa hannu a dokokin 1967 da 1976. Ba su yi don su cuce ta ba, buƙatar ƙasa ce ta kawo haka, amma sakamakon ɗaya ne.

Gwamnatin jiha kuwa tana da ɗaruruwan makarantu a wuyanta, kuma 'yan jiharta ne suke da haƙƙi a kanta kafin kowa. Aikin haɗa yaran ƙasa wuri guda ya koma hannun kwalejojin gwamnatin tarayya da aka yawaita a shekarun 1970. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya turo yara masu ɗimbin yawa zuwa sakandare bayan 'yan shekaru, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara ja da baya. Sai ga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, albashin malami ya zama abin tausayi. Babu tsohuwar makarantar gwamnati a Arewa da wannan guguwa ba ta taɓa ba, ko Rumfa ta Kano, ko Keffi, ko Bida, ko Alhudahuda da ke maƙwabtaka da Barewa a Zariya. Azuzuwa suka cika suka batse, rufi ya fara yoyo, ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya suka zama kango.

A nan ne ƙungiyar ta sami abin da ta rasa a 1939. Ta sami aiki. Bugu da ƙari, ta wayi gari ita kaɗai ce ta rage mai kallon makarantar da idon da aka gina ta da shi, domin 'yan ƙungiyar suna Sakkwato, suna Maiduguri, suna Ilori, suna Jos, kuma babu wata gwamnati guda da ta haɗa waɗannan garuruwa in ban da ta tarayya. Wannan ne ya sa liyafar shekara-shekara ta BOBA take zagayawa daga jiha zuwa jiha, ya sa take da rassa a garuruwa daban-daban, ya sa 'yan aji ɗaya sukan haɗa kuɗi su ɗauki gyaran gini guda ko sayen kayan aiki idan shekarar tunawa da fitarsu ta zagayo. Wayar hannu ta rage wahalar da sakataren 1940 ya sha, amma ta bar sauran: har yanzu sai wani ya bi mutane, sai wani ya tsaya a kan magina, sai wani ya zo da lissafi.

Wane irin mutum ake ɗorawa a kan irin wannan kujera? Abin da aka saba shi ne a nemo babba, wanda idan ya ɗaga waya gwamna zai amsa. Alhaji Umaru Mutallab, tsohon minista a gwamnatin tarayya wanda ya shugabanci bankin First Bank daga 1999 zuwa 2009, ya riƙe shugabancin ƙungiyar, Janar Gowon kuma yana cikin iyayenta da ake ganinsu a tarurrukanta. Hikimar yin haka a fili take. Ƙungiyar da ba ta da ikon tilasta wa kowa komai, jarinta shi ne kunya da girmamawa, kuma babu mai iya karɓar gudummawa daga hannun attajiri sai wanda attajirin yake jin nauyinsa. Amma duk wanda ya san ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a ƙasar nan, na maza da na mata, ya san inda gizo yake saƙa. Ranar ƙaddamar da gidauniya akan ji miliyoyi a bakin lasifika, a tafa, a watse. Kashegari aikin ya koma kan mutum biyu ko uku waɗanda ba a ambaci sunansu a jarida ba, su za su yi ta sintiri ofis-ofis suna tuna wa masu alkawari alkawarinsu. Babban mutum yana buɗe ƙofa, amma ba shi da lokacin zama a bakinta. Idan aka yi dace da sakatare mai naci da ma'aji mai tsoron Allah, sai a ga gini ya tashi. Idan ba a yi dace ba, sunan shugaba komai girmansa ba ya liƙa kwano ko ɗaya.

Lambar nan da muka ambata tana da nata tasiri a kan shugabanci. Tsofaffin ɗaliban Barewa sukan rubuta ta a gaban sunansu, da harafin B, kuma da jin ta an san wanda ya riga wani. Alherinta shi ne tana karya girman kai: minista mai lamba dubu uku ƙane ne a wurin tsohon malamin firamare mai lamba ɗari tara, ko ya so ko ya ƙi. A ƙasar da kuɗi da muƙami suke raba mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kowace al'ada ta girmama na gaba tana da tsadarta. Yaro ba ya son ya tashi a gaban yayyensa ya ce a kawo rasit, kuma waɗanda suka fita a shekarun baya-bayan nan, su ne mafi yawa, su ne kuma suka san halin da makarantar take ciki a zahiri domin su suka kwana a cikinsa. Ƙungiyar da ta bar su a bayan zaure suna jiran lokacinsu, tana iya juyawa wata rana ta tarar sun tafi.

Siyasa ita ce ɗaya ramin, kuma a nan dole a yaba wa waɗanda suka riƙe ƙungiyar. A watan Yuli na 1975 lamba 941 ya gaji kujerar lamba 783 ta hanyar juyin mulki. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, uku daga cikin 'yan takara biyar 'yan Kwalejin Kaduna ne: Shehu Shagari na NPN, Aminu Kano na PRP, da Waziri Ibrahim na GNPP. Ƙungiyar da ke da irin waɗannan 'ya'ya, da ta kuskura ta ɗaga hannun ɗaya, da a ranar ta tsage. Abin da ya zama rauni a 1939, wato rashin iya ɗaukar maganar mulki, shi ya zama garkuwa daga baya, domin yanzu akwai jam'iyyu da za a kai wannan magana, ita kuwa ƙungiya ta tsaya a kan abin da duka ɓangarorin suka yarda da shi.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya, wadda ke gaban shugabannin duk wata ƙungiya irin wannan. Makarantar ba tasu ba ce. Za su iya gyara gidan Lugga ko na Ɗan Hausa ko na Nagwamatse ko na Bello Kagara, amma ba su ke ɗaukar malami ba, ba su ke korarsa ba, ba su ke ƙayyade yawan yaran da za a zuba a aji ba. Kuma duk rufin da suka gyara da kuɗinsu, akwai tsoron ya zama dalilin da ma'aikatar ilmi za ta cire shi daga kasafinta. Ga wani abu da ba a son faɗa a wajen liyafa: da yawa daga cikin masu ba da gudummawar, 'ya'yansu ba a irin waɗannan makarantu suke karatu ba, suna makarantun kuɗi. Yaran da ke kwana a gidajen yau, galibinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda iyayensu ba su da bakin magana a taron ƙungiya ko a ofishin kwamishina.

A Kudu an gwada wata hanya. Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda aka buɗe a 1929, makarantar da ta yaye Chinua Achebe da Christopher Okigbo da Elechi Amadi da Ken Saro-Wiwa, ta lalace har tsofaffin ɗalibanta suka nemi a ba su ita ɗungurungum. A 2014 gwamnatin Jihar Abiya ta miƙa ta ga wata hukumar amintattu da suka kafa, mai ɗauke da sunan shugabanta na farko, Robert Fisher. Wannan ya ba su ikon da masu gyaran rufi ba su da shi, amma ya ɗora musu nauyin biyan albashi kowane wata, abin da ba a yi da kuɗin liyafa, kuma makarantar da za ta riƙe kanta sai ta karɓi kuɗi daga iyaye. Daga nan sai maganar ta koma kan ɗan wa zai iya shiga. Barewa, wadda tun daga Katsina aka san ta da ɗauko yaro daga ƙauye a ciyar da shi a tufatar da shi da kuɗin hukuma, ta yi bikin cika shekara 100 a 2021 tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna, a lokacin da gwamnan jihar, Malam Nasir El-Rufa'i, shi ma tsohon ɗalibinta ne.